RA'AYINMU: Ƙyashi Ya San Inda Muke Kwana, Hukuma Ba Ta Sani Ba

Tun daga farkon shekarar 2025, lokacin da faɗa ya lafa a nan Bahri, jama'a suka fara komowa gida daga Gadarif da ƙauyukan gabas, inda da yawansu suka fake bayan yaƙin da ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023. Muna yi wa kowa barka da dawowa. Amma akwai wata tsaraba da mutum kan taho da ita daga wannan yanki a cikin jininsa ba tare da ya sani ba, wadda ba ta bayyana sai bayan watanni, wato cutar kalazar. Mutanen birni yaƙi ne ya kai su inda take. Mu kuwa makiyaya kowace shekara muna can, domin kuwa inda ƙwaron da ke yaɗa ta ya fi yawa, nan ne muke cin rani da dabbobinmu. Wannan shi ya sa muka ga ya wajaba mu keɓe shafin ra'ayi na wannan fitowa a kan wannan ɗan ƙwaro.

Ƙwaron dai shi ne wanda Hausawa ke kira ƙyashi, likitoci a nan kuma suna ce masa zubabatul ramli, wato ƙudan rairayi. Girmansa bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba, kusan sulusin sauro ke nan, kuma ba ya kuka a kunne kamar sauro. Ba ya tashi da nisa, tsalle-tsalle yake yi kusa da ƙasa. Macen ce ke cizo, daga faɗuwar rana zuwa asuba, saboda tana bukatar jini don ta yi ƙwai. Idan ta sha jinin mai cutar, ƙwayar cutar kan hayayyafa a cikinta na 'yan kwanaki, sannan ta zuba ta a jikin wanda ta ciza daga baya. Abin lura shi ne ƙyashi iri-iri ne, kaɗan daga cikinsu ne ke ɗaukar cuta, kuma kowane iri yana da ƙasar da ya fi so da lokacin da yake yawaita da ciwon da yake kawowa. Wanda ya san wannan rabo ya san rabin maganin.

Bari mu fara da na ƙofar gida. Irin da ya fi yawa a bakin Nilu, daga Khartum da Umdurman da Bahri har zuwa Shandi da Atbara, shi ne wanda masana ke kira fafatasi. Wannan yana son busasshiyar ƙasa da ramukan ɓeraye da gonakin bakin kogi, kuma yana shiga ɗaki. Ciwon da yake kawowa na fata ne, gyambo mai daɗewa wanda mutanen nan suka laƙaba wa suna hashara. Dattawan Bahri ba su manta da annobar da ta faro daga tsibirin Tuti a 1985 ba, tsibirin da muke hangowa daga wannan gaɓa. Tsakanin Satumba 1986 da Maris 1987 kaɗai, asibitocin lardin Khartum sun rubuta kimanin mutum 10,000 masu wannan gyambo. Kafin nan an yi irinta a yankin Shandi a 1976. Gyambon kan warke bayan watanni ya bar tabo har abada, amma ba kasafai yake kisa ba. Har ila yau wani bincike da aka buga a 2012 ya gano cewa fafatasin ƙauyen Surujiya, arewa da Khartum, ya daina jin wasu magungunan feshi guda biyu da aka daɗe ana amfani da irinsu a yankin. Ke nan ko a nan gida feshi ba abin dogaro ba ne ido rufe.

Na biyu, wanda shi ne makashin, masana na kiransa oriyantalis. Mu dai za mu kira shi ƙyashin dushe, domin mazauninsa shi ne dajin dushe, itacen da Larabawa ke kira talha, da na aduwa, wadda suke kira hijlij, a kan baƙar laka mai tsagewa da rani. A cikin waɗannan tsage-tsage yake samun sanyi da laima idan rana ta ƙwalle. Taswirarsa ta kama daga jihar Gadarif, musamman tsakanin kogin Atbara da kogin Rahad, ta bi ta gandun dajin Dindir da Sinnar da Nilul Azrak, ta tsallaka Sudan ta Kudu, ta gabas kuma ta shiga Humera da Matamma a ƙasar Habasha. Yana yawaita ne a ƙarshen rani, daga Maris zuwa Yuni, sa'an nan ya ragu ƙwarai idan ruwa ya sauka laka ta haɗe bakinta. Shi ba mai shiga ɗaki ba ne sosai. A waje yake cizo, a lokacin zafin da ba wanda ke iya kwana a ɗaki.

Akwai kuma wasu iri biyu da ya kamata mai karatu ya sani. A arewacin Kenya da gabashin Uganda da kudancin Habasha, wanda ke yaɗa kalazar yana zaune ne a cikin ramukan suri, sunansa martini, kuma waɗanda ya fi addaba su ne makiyayan Fokot da Turkana, waɗanda yaransu kan huta kusa da suri suna kiwo. Can ƙasashenmu na asali kuwa, daga arewacin Nijeriya da Nijar har Mali da Sanagal, akwai ɗan'uwan fafatasi mai suna dubosƙi, wanda shi ma gyambon fata yake kawowa. In an duba da kyau za a ga cewa a gabashin Afirka, ko'ina aka ambaci wannan ƙwaro sai an tarar da makiyayi ko ɗan ƙwadagon gona a kwance kusa da shi a filin Allah.

Ita kalazar ga yadda take. Bayan cizo da wata biyu zuwa shida, wani lokaci fiye da haka, sai zazzaɓi ya kama mutum ya ƙi sauka fiye da mako biyu. Sai rama, sai saifa ta kumbura har a iya taɓa ta a gefen hagu na ciki, sai jini ya ƙare a jiki, wani kuma ya riƙa haɓo ko gudawa ko tari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in ba a yi magani ba fiye da kashi 95 cikin 100 na masu ita mutuwa suke yi. Hukumar ta ƙiyasta cewa mutum 50,000 zuwa 90,000 ke kamuwa a duniya kowace shekara, kuma a 2022 kashi 73 cikin 100 na waɗanda aka rubuta daga gabashin Afirka suke, kusan rabinsu yara 'yan ƙasa da shekara 15. Sudan na cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan masu ita, Gadarif kuma ita ce cibiyarta a Sudan.

Ba za a ce ba a san da ita ba. Tun 1904 likita Sheffield Neave ya bayyana ta a Sudan. A 1956 an yi annobarta a kudancin Funj, wadda likita Muhammad Hamad Satti ya yi aiki a kanta. A farkon shekarun 1960 Harry Hoogstraal da abokan aikinsa suka yi bincike a yankin Faloic na A'alin Nil, suka tabbatar da cewa ƙyashin dushe ne mai yaɗa ta. Marigayi Farfesa Ahmad Muhammad al-Hasan na Jami'ar Khartum ya ƙarar da rayuwarsa a kanta shi da almajiransa. Saboda haka ilimi yana nan a ajiye. Abin da ya yi ƙaranci shi ne kai amfanin ilimin ga mutumin da ke kwana gindin dushe.

Babban darasi a nan shi ne abin da ya faru a yammacin A'alin Nil, ƙasar makiyayan Nuwer, tsakanin 1984 da 1994. A wannan tsakani an ƙiyasta cewa kalazar ta kashe mutum 100,000 daga cikin kimanin 280,000 da ke zaune a yankin. Shekara huɗu annobar tana ci duniya ba ta da labari. Ba a farga ba sai a 1988, kuma ba a can aka farga ba, a nan Khartum ne, lokacin da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka ga 'yan gudun hijira suna ta mutuwa da wani zazzaɓi da ya ƙi jin maganin da ake ba su. Yaƙi da yunwa da ƙaurar jama'a cikin dajin dushe su ne suka haɗu suka haifar da wannan bala'i. To, waɗannan abubuwa uku duk mun sake ganinsu tun 2023, kuma a wannan karo ɗaruruwan dubban mutane Gadarif suka nufa, musamman bayan faɗuwar Wad Madani a Disamba 2023 da Sinja a tsakiyar 2024.

Yanzu sai mu zo kan abin da ya sa muka ce wannan magana ce ta haƙƙin makiyayi. Kowa ya san zagayen shekararmu a gabas. Da damina muna hawa arewa zuwa Butana, inda ƙasa ba ta da caɓi kuma ƙudaje ba su damun dabba. Bayan girbi mu gangaro kudu. Daga Maris zuwa faɗuwar ruwa, lokacin da tafkuna suka ƙafe, babu inda ya rage sai bakin Rahad da Atbara da Sitit da gefen Dindir, inda dabba ke samun ruwa da 'ya'yan dushe da ganyen aduwa. Wato watannin da ƙyashi ya fi yawa su ne watannin da muke cikin gidansa, kuma ba mu da bango ko ƙofa. Sa'an nan ciwon ba zai fito ba sai da kaka ko farkon hunturu, lokacin da muke Butana ko muna kan hanya, ko mun kawo dabbobi kasuwar Muwailih a Umdurman, nesa da duk wata cibiyar da ta san kalazar. A nan sai a ce zazzaɓin sauro ne, a ba da magani, bai ji ba, a ce taifod ne, a sake ba da wani, har saifa ta cika ciki.

Kuma ba da son ranmu muke cunkushewa a waɗannan 'yan dazuzzuka ba. Noman inji ya fara a Gadambaliya kusa da Gadarif a tsakiyar shekarun 1940, ya bunƙasa bayan kafa hukumarsa a 1968. Dokar 1970 ta mai da duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba mallakar gwamnati, alhali kuwa makiyaya ba ta taɓa samun rajista ba. Daga nan gonakin dawa da riɗi suka yi ta cin daji, wasu da izini wasu ba izini, burtali ya tsuke, mashaya da dama suka shiga tsakiyar gonaki. A 2011 da Sudan ta Kudu ta ɓalle, makiyayar rani da Fulani da Rufa'a suka saba zuwa ta koma bayan iyaka, garkuna da yawa suka dawo suka ƙaru a kan ɗan abin da ya rage. A ganinmu, duk wanda ya tsuke wa makiyayi hanya ya rage masa zaɓin wurin kwana, wanda kuma ba shi da zaɓi dole ya sauka inda ya samu, ko da kan baƙar laka ne a tsakiyar dushe.

Mun san akwai masu cewa ai maganin abin shi ne a sare dushen baki ɗaya, a huta. Ba mu yarda da wannan ba. An sare daji mai yawa a Gadarif don noma da gawayi, amma kalazar ba ta bar jihar ba, domin lakar tana nan tana tsagewa, aduwa tana nan a bakin ƙauyuka, kuma a Humera da Matamma waɗanda ta fi kamawa su ne 'yan ƙwadagon riɗi masu kwana a gonakin da aka riga aka share. Sare dushe zai raba dabba da abincin bazara, ya raba talaka da ƙaron da yake ɗiba ya sayar, sa'an nan ya bar ƙwaron. Haka kuma muna gargaɗin masu neman ɗora wa garke laifi. Gaskiya ne ƙyashi na shan jinin shanu da jakuna, amma ba a ɗaukar kalazar ta shan nono ko cin nama. Ƙwayar cutar a jikin mutane take yawo, har da waɗanda suka warke amma ƙuraje suka feso musu a fuska da jiki, abin da kan faru ga kusan rabin waɗanda aka yi wa magani a Sudan. An kuma same ta a jikin karnuka, da tunku a dajin Dindir.

Akwai wata magana da ya kamata mu gaya wa kanmu mu Hausawa. Tsakanin Afrilu 1994 da Afrilu 1996 masanan Jami'ar Khartum sun bi diddigin ƙauyuka biyu a gabas. A Um Salala, ƙauyen Masalit waɗanda suka ƙauro daga yamma, masu kamuwa sun tashi daga kusan 20 cikin kowane 1,000 a shekara zuwa 38. A Mushra Koka, ƙauyen Hausawa waɗanda akasarinsu a nan aka haife su, adadin ya tashi ne daga 3 zuwa ƙasa da 5. Kada wani ya ji wannan ya ce ai jininmu ya fi ƙarfinta. A can ma ta kama mutane, kuma adadin hawa ya yi. Abin da mu muka fahimta shi ne baƙon wuri ya fi shiga haɗari, haka yaro ƙarami, haka wanda yunwa ta raunana. Bahaushen da ya tashi a Bahri ko Umdurman ya yi shekara ɗaya a bakin Rahad baƙo ne a wurin ƙyashi, ko da kakansa a can aka binne shi.

Magani akwai shi, kuma yana warkarwa. A da allurar Pentostam ake yi kullum har kwana 30. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a haɗa ta da allurar faromomaisin a gabashin Afirka, kwanakin suka koma 17, kuma cibiyar Kassab a Gadarif tana cikin inda aka gwada wannan haɗi. Masu ciki da waɗanda ciwon ya yi wa tsanani akwai nasu maganin da ake sawa ta jijiya. Akwai kuma ɗan gwajin jini na yatsa, rK39, mai ba da amsa cikin mintuna. Sai dai duk wannan tsari an yi shi ne don mutumin da ke da ƙauye. Kwana 17 a asibiti ga makiyayi yana nufin mutum biyu sun bar garke, majinyaci da mai jinya, ga kuɗin mota ga na abinci, ruga kuma ta yi gaba. Wannan ne ke sa mutanenmu jinkiri, su tsaya ana tsaga da lalas a kan saifa, har sai yaro ya kasa tsayuwa. A nan dole mu faɗa wa kanmu gaskiya: lalas bai taɓa kashe ƙwayar kalazar ba, kuma saniyar da aka ƙi sayarwa don kuɗin mota ba za ta maye gurbin ɗa ba.

Rigakafi ma an gwada an ga amfaninsa. Tsakanin 1999 da 2001 MSF ta raba gidajen sauro masu magani kimanin 357,000 a ƙauyuka 155 na Gadarif, kuma binciken da ya biyo baya ya ƙiyasta cewa kamuwa ta ragu da kashi 59 cikin 100 bayan kamar shekara ɗaya da rabi. Amma a lura, ƙauyuka aka ƙirga. Muddin ana rabo ne bisa jerin gidajen ƙauye, to ruga ba za ta shiga lissafi ba.

Saboda haka muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta tarayya da ta jihohin Gadarif da Sinnar da Nilul Azrak da Khartum, da ƙungiyoyin agaji, da su duba waɗannan abubuwa. Na farko, a ɗauki taswirar ƙyashi da masana suka zana a ɗora ta a kan taswirar burtali da mashayar rani, a zauna da shugabannin rugage a fitar da wuraren da suka fi haɗari. Na biyu, a riƙa raba gidajen sauro masu magani kuma masu ƙananan idanu a watan Fabrairu, kafin ƙwaron ya taso, a mashaya da kasuwannin dabbobi, domin rabon da ake yi dab da damina don sauro ya makara ga ƙyashi. Na uku, a kai gwajin yatsa ƙananan asibitocin Butana da garuruwan kasuwa irin su Tambul, a kuma umurci ma'aikatan lafiya na Bahri da Umdurman su riƙa tambayar duk mai doguwar zazzaɓi inda ya ci rani. Wannan tambaya ba ta cin ko sisi. Na huɗu, a buɗe gurbi a littafin asibiti da zai nuna makiyayi ne ko mazaunin ƙauye, don a san yawanmu cikin masu kamuwa da masu mutuwa. Na biyar, a buɗe burtalin da aka toshe, a mai da mashayar da aka cinye, domin makiyayi ya samu damar zaɓen wurin sauka.

Mu kuma akwai namu aikin. Idan an sauka da bazara a nemi tudu ko jigawa don shimfiɗa, a nisanci gindin dushe da aduwa da laka mai tsagewa gwargwadon hali. Yara su shiga gidan sauro da wuri, a cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma, wanda zai kwana wajen garke kuma ya rufe hannu da ƙafa. Duk zazzaɓin da ya haura mako biyu bai ji maganin sauro ba, a ambaci kalazar da baki a gaban likita, a gaya masa inda aka ci rani. Wanda aka fara wa allura ya cika kwanakinsa, 'yan'uwa su karɓi kiwonsa kamar yadda aka saba yi wa mai tafiya Hajji.

A watan Oktoba 2023 Bangaladash ta zama ƙasa ta farko da aka tabbatar ta shawo kan kalazar. Amma ƙyashin can a ɗaki da garke yake kwana, feshin bango na kashe shi, namu kuwa a daji yake. A watan Yuni 2024 a Addis Ababa, Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙasashen gabashin Afirka sun ƙaddamar da shirin da ke neman kafin 2030 a riƙa gano kashi 90 cikin 100 na masu cutar a kuma fara musu magani cikin kwana 30 da fara ciwo. Muna maraba da wannan buri. Amma muna tunatar da masu shirin cewa kwana 30 ɗin ɗan makiyayi kan ƙare ne a kan hanya tsakanin Butana da Rahad, kuma in ba a je an same shi a can ba, buri zai cika a takarda ne kawai. Wannan ƙungiya a shirye take ta nuna wa duk mai son zuwa inda rugage suke.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya zaunar da ƙasar nan lafiya, amin.